Yaro ɗaya, harabobi biyu

Ranar Asabar muka bi ta Independence Avenue a Akra, ɗana mai shekara biyu ya hango mutum-mutumin nan mai ruwan zinariya a saman haikalin 'yan Momon, ya kafe sai mun shiga. Cikin ginin sai ɗan cocin mai takardar izini, don haka haraba muka tsaya. Yaro ya ɓalle da gudu, har fure ya tsinka. Ba wanda ya daka masa tsawa.

A unguwa wai na kai yaro gidan kafirci. To, aƙidarsu ba tawa ba ce, mutum-mutumin ma bai kwanta mini ba. Abin da ya dame ni daban ne: ranar Juma'a, a masallacinmu, yaron nan aka ce in fitar tun huɗuba ba ta kai rabi ba.