RA'AYINMU: A BAI WA MATANMU JARIN ZARE

Duk wanda ya san gidajen hayar 'yan'uwanmu a Agege da Abule Egba ya san akwai mata da ke duƙufa dare da rana kan saƙa da ɗinkin hula. Amma in an bincika, sau da yawa zare da ƙyallen duk na dillali ne. Mace ta kwashe makonni tana aikin hula guda, a miƙa mata ladan da bai taka kara ya karya ba, riba kuwa ta faɗa aljihun wani. Abin da ya hana ta cin guminta shi ne rashin jari.

Wannan ciwo ba mu kaɗai ya dama ba. A ƙasar Gwatamala, can a nahiyar Amurka, matan al'ummar Maya sun gaji saƙa da masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu. Tun 1998 ƙungiyar Friendship Bridge take ba irin waɗannan mata ɗan rance a ƙungiyance, ba tare da jingina ba, kowace tana tsaya wa 'yar'uwarta. Tsarin ya yi kama da na Bankin Grameen na Bangaladash, wanda Muhammad Yunus ya kafa a 1983.

Mu ma an gwada a nan. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe People's Bank, wato bankin talakawa, Tai Solarin yana shugabanta. Mutane da yawa suka ɗauki rancen tamkar rabon ganima, suka ƙi biya, har a 2000 aka haɗe bankin da na manoma. Darasin a fili yake: kuɗin da babu idon maƙwabci a kansu ba sa dawowa.

To, ai wannan ido muna da shi. Adashi tsohuwar al'adarmu ce, kuma macen da ta saɓa zubi ta san kunyar da ke jiranta a unguwa. Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da manyan 'yan kasuwarmu na Ikko su tara asusu, su damƙa shi hannun iyayen adashi amintattu, a sayo zare a kan sari, a bai wa mata bashi su biya kaɗan-kaɗan. Masu gudun kuɗin ruwa su sani tun 2012 Bankin Jaiz ya nuna ana iya harkar banki ba da shi ba.

Sai dai jari ba kasuwa wahala ce. Abule Egba ta yi suna da kasuwar gwanjo ta Katangowa, kuma aikin hannu ba ya iya tsere da arhar gwanjo. Lalle ne a sama wa matan rumfa tasu, mu kuma magidanta mu riƙa sayen hular Salla a wurinsu. Mace mai sana'a rufin asirin gida ce a baƙunta.

Allah ya sa masu hali su ji.