Ra'ayinmu: Wasa, Yaƙi da Kuɗin Waya

Abubuwa uku muke so mu haɗa a wannan fitowa, waɗanda mai karatu zai zaci babu abin da ya gama su: wasannin bidiyo da suka cika ɗakunan kwanan ɗalibai, da jiragen yaƙi marasa matuƙa da ke shawagi a sararin ƙasarmu, da kuma ƙarin kuɗin waya da na data da aka ɗora wa jama'a a shekarar 2025. A ganinmu uwa ɗaya ce ta haife su. Duk ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da bai san wannan dangantaka ba, zai yi ta biya yana gunaguni, ba tare da ya gane inda gizo yake saƙar ba.

Bari mu fara da kuɗin, tun da shi ne ya fi taɓa aljihun kowa. Ran 20 ga Janairu, 2025, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi hamsin cikin ɗari a kan farashin kira da saƙo da data. Su kamfanonin ninki suka nema, aka ba su rabi. Hujjarsu ita ce rabon da a taɓa farashi tun 2013, alhali kuwa duk abin da suke aiki da shi ya yi tashin gwauron zabo. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, kuma adalci ne mu faɗa. Yawancin ƙarafan sabis da man gas suke aiki, domin wutar lantarkin ƙasa ba abin dogaro ba ce. Na'urorinsu daga waje ake sayo su da dala, dalar da take kusan Naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayu na 2023, ta kuma haura Naira 1,500 a cikin 2024. Ga masu aikin hanya suna tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ga ɓarayi, ga haraji iri-iri daga tarayya da jiha da ƙaramar hukuma.

To, amma wanda aka ɗora wa kayan, shi wa ya tambayi ƙarfin wuyansa? Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 aka tsayar a 2024, ɗalibi kuwa ko wannan ba shi da shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga a farkon Fabrairu na 2025, aka zauna da gwamnati, aka kafa kwamiti, aka janye zanga-zangar, jama'a kuma suka ci gaba da biyan sabon farashi. Abin da ya kamata a fahimta shi ne data ta daɗe da fita daga sahun kayan marmari. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB. Rajistar zangon karatu, da duba sakamako, da neman rancen karatu na gwamnati, da neman aiki, duk ta intanet ake yi. Laburarenmu kuwa kowa ya san shekarun littattafan da ke cikinsu. Saboda haka ƙarin kuɗin data ƙarin kuɗin makaranta ne da aka shigo da shi ta bayan gida.

Tarihi kuma ya koya mana kada mu karɓi maganar kamfani kamar yankan wuƙa. Sa'ad da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu na 2001, kowane lasisi dala miliyan 285 aka saye shi, ƙasar kuwa a lokacin layukan NITEL da ke aiki ba su wuce dubu ɗari huɗu da 'yan kai ba. Da aka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, layi ɗaya sai da ya kai Naira dubu ashirin, kira kuma Naira hamsin a minti, ko da sallama kawai mutum ya yi ya kashe. Aka yi ta gaya wa jama'a lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu da wuri ba. Da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan sauran suka gano ashe abin mai yiwuwa ne. Gasa ce ta karya farashi, da kuma hukumar da ta tsaya a kan aikinta. Wannan darasi bai tsufa ba.

Duk lokacin da ɗalibai suka koka game da tsadar data, amsa ɗaya suke samu daga manya: ai ku a wasa kuke ƙarar da ita. A nan ne maganar wasannin bidiyo ta shigo. Ba za mu yi musun cewa akwai waɗanda PUBG da Free Fire da Call of Duty suka cinye musu dare da darasin safe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Wanda ya bar karatu ya kama harbin ƙarya har asuba ya cuci kansa, ya cuci iyayen da suka sayar da amfanin gona suka biya masa makaranta, kuma ba mu da wani uzuri da za mu ba shi. Amma fa a san cewa awa guda ta wasa ba ta cin data kamar awa guda ta kallon bidiyo, ko da bidiyon lacca ne. Abin da ke cin data a wasa shi ne sauke shi da sabunta shi. Kuma laifin wasu ba ya halatta a tsawwala wa kowa. Ba a ƙara kuɗin takarda don wasu suna rubuta wasiƙar soyayya.

Abin da ya fi damunmu game da waɗannan wasanni wani ne daban, shi ne rashin sanin asalinsu. Ɗaya daga cikin wasannin farko da aka yi a fuskar na'ura, wasan ƙwallon tanis ne da William Higinbotham ya haɗa a 1958 a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka, shi kuwa yana cikin masanan da suka yi aikin bam ɗin nukiliya a Los Alamos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Intanet ɗin da muke saye da tsada daga ARPANET ta samo asali, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, aka aika saƙon farko a cikinta a watan Oktoba na 1969 tsakanin kwamfutoci biyu a Kalifoniya. Hukumar da ta biya kuɗin an kafa ta ne a 1958, don tsoron da ya kama Amurka bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957. Haka nan GPS, wanda ke nuna wa mai waya hanya, sojan Amurka ne suka fara aikinsa a 1973 don jiragensu da makamansu.

Daga baya sai ruwa ya juya, wasa ya koma yana ciyar da yaƙi. A 2002 rundunar sojan Amurka ta fitar da wasanta mai suna America's Army, ta raba shi kyauta don jawo samari su shiga soja, ta kuma riƙe shi har 2022. A 2018 aka ƙaddamar da wani jirgin yaƙinsu mai tafiya ƙarƙashin teku, USS Colorado, wanda da abin wasan Xbox ake juya madubin leƙensa, domin na Xbox bai wuce dala talatin ba, wanda ya gada kuwa dubban daloli ne, sa'an nan samarin da ake ɗauka sun riga sun ƙware da shi tun daga gida. A yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022, ƙananan jirage marasa matuƙa na 'yan ɗaruruwan daloli suna lalata tankokin miliyoyi, mai sarrafa su kuma yana zaune da tabarau da abin latsawa kamar mai wasa. Ko na'urorin sarrafa hoto da kamfanin Nvidia ya ƙera don wasanni, su ne suka zama ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basirar da manyan rundunoni suke rububi.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgi marar matuƙi na sojan Nijeriya ya saki bam a kan masu bikin Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne, ta zaci 'yan bindiga ne. Mun san irin wahalar da sojojinmu suke sha a daji, mun kuma san ta'asar da 'yan bindiga suke yi wa ƙauyuka. Duk da haka, wanda yake kallon mutane ta fuskar na'ura ɗige-ɗige yake gani suna motsi, ba ya jin waƙen yabo, ba ya ganin fuskar yaro. A wasa idan an yi kuskure sai a sake daga farko. Mutanen Tudun Biri ba su da wannan dama. Na'urar da aka sayo ba tare da sahihin bayanin sirri da horo da hisabi ba, wuƙa ce a hannun makaho.

Haka kuma ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Makonni da dama ɗan kasuwa ba ya iya karɓar kuɗi, mai haƙuri ba ya iya kiran likita, ɗalibi sai ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya duba sakamakonsa. A nan ne aka ga ƙarara cewa layin waya da sha'anin tsaro igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma talaka ne yake biya ta kowane gefe.

Darasin da muka ɗauka daga duk wannan shi ne, ƙasashen da suka mallaki fasaha da kuɗin jama'arsu suka gina ta, a jami'o'insu, ta hannun malamai da ɗalibai irinmu. Wasan Spacewar na 1962 matasa ne suka rubuta shi a jami'ar MIT, domin an bar musu kwamfuta su taɓa. Mu ma ba a rasa yunƙuri ba. An kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964. Sojan sama sun nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, da Tsaigumi a 2018, duk a Kaduna. Amma jiragen da ake yaƙi da su daga Sin da Turkiyya aka sayo, wasannin da samarinmu suke bugawa na wasu ne, a kasuwar da ta kai kimanin dala biliyan 180 a 2023. Wanda ya hau dokin aro, duk inda mai doki ya ce sauka, nan zai sauka.

Saboda haka muna kira da abubuwa huɗu. Na farko, NCC ta riƙa buga cikakken lissafin da take dogara da shi kafin kowane ƙari, ta kuma ɗaure ƙarin da ingancin sabis, kamfanin da ya gaza a ci shi tara a mayar wa masu layi haƙƙinsu. Na biyu, a sa shafukan jami'o'i da na laburare da na jarrabawa su zama ana shigarsu kyauta. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu don kai sabis inda kasuwa ba ta kaiwa, ɗalibin karkara kuwa ya cancanci rabo a cikinsa. Na uku, gwamnonin jihohi su rage kuɗin da suke karɓa a kan shimfiɗa wayar ƙarƙashin ƙasa, domin a ƙarshe mai sayen kati ne yake biyansa. Na huɗu, duk harin sama da ya faɗa kan farar hula a yi bincikensa a fili, a buga rahoton, a biya diyya, a hukunta mai sakaci, Majalisar Tarayya kuma ta bi diddigin abin da ake sayowa da sunan tsaro.

Sauran magana tamu ce, ya ku 'yan'uwa ɗalibai. Ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumar jami'a ta buɗe ɗakunan kwamfuta har dare, ta sa intanet a ɗakunan kwana, ta kuma shirya gasar ƙirƙirar wasanni da manhajoji kamar yadda take shirya gasar ƙwallo. Wanda ya iya kwana yana wasa zai iya kwana yana koyon yadda ake rubuta shi. Muna da dara da langa da dambe da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, babu abin da ya hana su shiga waya da harshenmu sai rashin mai yi. Ku kuma ƙananan ma'aikata, nan da 'yan shekaru fayilolin farashi da na kwangilar makamai a teburinku za su sauka. Ranar da suka zo, ku tuna da ɗalibin da ya ƙirga canjinsa kafin ya sayi data, ku tuna da Tudun Biri, sa'an nan ku sa hannu.