Darasin kirifto a hannun ɗalibai

Matasan Shagari da Boɗinga da ke karatu a Sakkwato galibi a wajen 'yan'uwansu ɗalibai suke koyon harkar kuɗin kirifto, bayan an tashi daga lacca ko da dare a ɗakin kwana, wanda ya ɗan iya yana nuna wa na ƙasa da shi. Abin ya bazu sosai a 2024, lokacin da wasannin Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat suka sa samari danna waya ba dare ba rana, har a rumfar mai caji. Da aka zo rabon kuɗin kirifton Hamster a Satumba, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba.

Shirya zama na musamman a makaranta ya fi wannan koyon a ɓoye, muddin darasin ya fara da doka da haɗari. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa shi ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. A Afrilun 2025 dandalin cinikin kirifto na CBEX ya rushe da kuɗin jama'a. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗalibin da ke koyarwa sau da yawa yana da lambar gayyata da ke kawo masa kamasho, don haka ya kamata hukumar makaranta ta hana raba ta a zaman, ta kuma sa malamin tattalin arziki da na fiƙihu su halarta, tunda malaman addini sun saɓa kan halaccin cinikin.