'Yan Dambe da 'Yan Ƙwallon Zariya Na Buƙatar Fili da Magani

A ƙasar Ailan, ƙungiyar GAA da aka kafa a 1884 tana gudanar da wasannin gargajiya ba tare da biyan 'yan wasa albashi ba, kuma gwamnati na ba su tallafi kowace shekara. Haka ya kamata 'yan siyasarmu su yi wa matasan cikin ganuwar Zariya. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, samari na buga ƙwallo ba takalmi a kan tsakuwa, ɗan dambe kuwa yana naɗe hannunsa da zare ya shiga fage, in ya karye sai dangi su kai shi wurin mai ɗori. Abin da aka saba gani shi ne kofi da riguna masu hoton ɗan takara, da an gama zaɓe shi ke nan.

Wasu za su ce makaranta da asibiti sun fi cancantar kuɗin. Gaskiya ne, amma gyaran fili ɗaya da asusun jinyar waɗanda suka ji rauni ba su kai kuɗin gangami guda ba, kuma suna raba matashi da shaye-shaye da bangar siyasa. Kansiloli da 'yan majalisar Zazzau, ku sanya wannan tallafi cikin kasafin kuɗi, ya ɗore ko bayan kun sauka.