Abubakar Adam Ibrahim Da Makomar Gajeren Labari A Ƙasar Hausa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda hanya take rabuwa biyu, ɗaya ta miƙe Zariya, ɗaya ta karya ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta faɗa Saminaka, sa'an nan ta hau dutse har Jos. Ta wannan hanya dankalin Turawa da kayan lambun Filato suke sauko mana. Amma akwai wani kaya mai daraja da Jos ta fitar wanda ba a sauke shi a tashoshinmu, watau labaran Abubakar Adam Ibrahim. An karanta shi a Legas da Landan, an ba shi kyauta mafi tsoka a fagen adabin Nijeriya, alhali kuwa mutanen da yake ba da labarinsu, irin iyayenmu da ƙannenmu, galibinsu ba su san da zamansa ba. Ra'ayina shi ne laifin wannan ba nasa ba ne, namu ne, mu 'yan makaranta da ma'aikata, kuma gyaran yana hannunmu.

An haifi Abubakar Adam Ibrahim a Jos cikin 1979. Ya yi karatun aikin jarida a Jami'ar Jos, ya kuma yi shekaru yana aiki da jaridar Daily Trust a Abuja. Sunansa ya fara fita cikin 2007, sa'ad da wasan kwaikwayonsa na rediyo ya ci gasar da BBC take shirya wa marubutan Afirka. Cikin 2012 wani kamfanin ɗab'i na Legas mai suna Parrésia ya buga littafinsa na gajerun labarai, The Whispering Trees, watau itatuwa masu raɗa. Shekara ta zagayo, cikin 2013, labarin da littafin ya ci sunansa ya shiga cikin biyar da aka tace a gasar Caine, wadda ake yi a Ingila domin gajerun labaran Afirka. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan 'yan Nijeriya ne, har da Elnathan John na Kaduna, kuma Tope Folarin ne ya ci. Cikin 2015 ya fitar da ƙagaggen littafinsa mai tsawo, Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG cikin 2016, dalar Amurka 100,000. Cikin 2018 aka ba shi kyautar Michael Elliott ta aikin jarida, saboda rahoton da ya rubuta a mujallar Granta kan wasu mata biyu da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Bai kuma watsar da gajeren labari ba don ya yi suna. Cikin 2020 ya fitar da Dreams and Assorted Nightmares, tarin labaran da suka faru a wani ƙagaggen gari mai suna Zango, sa'an nan cikin 2023 ya biyo da wani dogon littafi, When We Were Fireflies.

Wanda ya karanta labaransa zai tarar da gidanmu ne yake leƙawa. Labarin itatuwa masu raɗa na wani ɗalibi ne mai koyon aikin likita, wanda ya yi haɗarin mota yana gab da gama karatu, mahaifiyarsa ta rasu, shi kuma ya makance. Sai da ganin ido ya tafi sa'an nan aka buɗe masa wani gani na daban. Babu Bahaushen da zai ji wannan ya ce baƙon abu ne, domin kuwa mun tashi muna jin labarin kurmi da iskokinsa, da mutanen da Allah ya karɓi abu ɗaya a hannunsu ya musanya musu da wani. Gwanintar marubucin ita ce bai tsaya yana yi wa Bature bayanin aljanu ba, bai kuma yi wa imanin mutanensa dariya ba. Ya ɗauki makaho da budurwarsa da baƙin cikinsu da muhimmanci, kamar yadda ake ɗaukar sarakuna da jarumai a littattafan da.

To, mu dubi matakalar da ya taka ya hau. Gasar rediyo ta nuna masa rubutunsa ya kai a saurara. Kamfanin ɗab'i ya karɓi gajerun labaransa, edita ya zauna ya tace su. Gasar ƙasa da ƙasa ta kai sunansa ƙetare. Kyauta mai kauri ta saya masa lokacin zama ya yi rubutu. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan da Turanci aka gina shi. Gasar Caine ba ta karɓar labari sai an buga shi da Turanci, saboda haka labarin Hausa ba ya shiga sai ta ƙofar fassara. In yaro mai basira ya tashi a Kiru ko Bebeji yana son ya bi sawun Abubakar, abin da zai fara koya shi ne harshen da ya sha a nono ba shi da matakala.

Akwai 'yan'uwa masu zafin kishin harshe da za su ce ai marubucin ne ya guje mu, da ya so da ya rubuta da Hausa, kamar yadda Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya ajiye Turanci ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da harshen Gikuyu. Kishinsu abin yabo ne, amma jifansu ya kauce wa tsuntsu. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba ya gangara sai inda aka yi masa kwari. Marubuci mutum ne mai iyali, yana son mai gyara masa aiki, da mai bugawa, da mai biya. Kafin mu zargi wanda ya tafi inda ake biya, sai mu tambayi kanmu ko nawa muka taɓa biyan wani saboda gajeren labarin da ya rubuta da Hausa.

Tarihin adabinmu ya isa shaida cewa basira ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba, matakala ce take yankewa. Cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, sai ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Magana Jari Ce da ya biyo baya, in an duba, gajerun labarai ne aka jera cikin babban labari guda. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita cikin 1939, ta koya wa dubban mutane karanta Hausar boko. Da kamfanin NNPC na Zariya ya sa tasa gasar a ƙarshen shekarun 1970, sai ga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Duk sa'ad da aka buɗe ƙofa, sai ka ga marubuta sun cika ɗaki.

Daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano suka gaji da jiran hukuma, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, aka sami abin da ake kira adabin kasuwar Kano, inda irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi fice. Wannan babban aiki ne, ya sa matan aure da 'yan mata da 'yan tireda karatu fiye da yadda wata hukumar yaƙi da jahilci ta iya. Sai dai kasuwa tana da nata hukunci. Mai sayarwa ya fi son labarin da za a raba littafi na ɗaya da na biyu da na uku, don mai saye ya yi ta dawowa. Haka abin ya zarce da rubutu ya koma wayar hannu, inda ake sakin labari shafi-shafi har wata da watanni. A irin wannan kasuwa labari mai shafi shida ba shi da rumfa. Gajeren labari kuwa shi ne makarantar marubuci, a nan yake koyon zubar da kalmar da ba ta da aiki, da tsayawa inda ya kamata ya tsaya. Wanda bai iya ɗinka hula ba, ina zai iya babbar riga?

Cikin 2016 Sashen Hausa na BBC ya ƙirƙiro gasar Hikayata, wadda aka fara ta domin mata zalla, ta gajerun labarai. Aisha Muhammad Sabitu ce ta ci ta farko da labarinta na sansanin 'yan gudun hijira, Maimuna Idris Sani Beli ta ci cikin 2017, cikin 2022 kuwa kyautar ta ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, wurin Amira Souley. Gasar ta tabbatar da abin da 1933 ta tabbatar. Amma abin kunya ne a ce al'umma mai miliyoyin masu magana, mai sassan koyar da Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, ta zauna tana jiran gidan rediyon Ingila ya tuna da gajeren labarinta sau ɗaya a shekara. Wadda ta ci gasa a bana, ina za ta kai labarinta na biyu da na uku?

Akwai wata suka kuma da ta fi ta harshe nauyi. Season of Crimson Blossoms labarin wata gwauruwa ce, Hajiya Binta, mai shekara 55, mai ibada, wadda ta faɗa soyayya da wani matashi shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi. Wasu suna cewa wannan tonon asiri ne, an kwance mana zani a kasuwar baƙi don a sami kyauta. Ba na raina wannan damuwa, musamman a jihar da aka taɓa ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a cikin 2007 da sunan gyaran tarbiyya. Amma mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Kaɗaicin matan da mazansu suka mutu, da samarin da 'yan siyasa suke haya lokacin zaɓe su yar bayan an rantsar da su, ba marubucin ne ya ƙirƙiro su ba, suna nan a kowace unguwa. In kuwa akwai inda ya zarce gona da iri, to wa ya fi cancanta ya gaya masa? Ba alƙalin gasa na Landan ba, su Hajiya Binta na gaskiya ne, waɗanda ba sa jin Turanci. An fassara littafin nan zuwa Faransanci da Jamusanci. Muddin ba ya hannun mai karatun Hausa a kasuwar Tudun Wada, to an yi wa marubucin rashi, domin bai ji hukuncin mutanensa ba, an kuma yi wa mutanen rashi, domin ana maganarsu a bayan idonsu. Fassara ba gata ba ce da za mu yi masa, hakkinmu ne na mu ji abin da aka faɗa a kanmu, mu yarda ko mu musa. Hanyar kuwa a buɗe take, tun da Aliyu Kamal ya mayar da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya cikin 2012. Abin da ya fita ta wannan ƙofa, wani yana iya shigowa ta cikinta.

Kada kuma wani ɗan kudancin Kano ya ce ƙasarsu ba ta da abin rubutawa. Abubakar ya ƙagi garin Zango don ya zuba labaransa, mu kuwa namu garuruwan suna nan a tsaye. An gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya ci gonaki da tsofaffin matsugunai, kuma tsofaffin da suka ga tashin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Riruwai ta ga zamanin haƙar kuza kamar yadda Jos ta gani, ta kuma ga abin da yake saura bayan kamfani ya naɗe kayansa. Otal ɗin Bagauda da manya suke zuwa hutu ya zama makarantar horar da lauyoyi. Direban da ya ratsa Falgore da dare a shekarun da 'yan fashi suka addabi hanyar, da matar da take turara shinkafa a Tudun Wada don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta, kowannensu yana ɗauke da labarin da zai cika shafi shida ya hana mai karatu barci. In ba mu rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta da harshen da su ba za su karanta ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, wannan mujalla ta ƙungiyar ɗalibai ta keɓe shafuna a kowace fitowa domin gajeren labarin Hausa guda, a naɗa masu tacewa da za su mayar wa marubuci aikinsa da gyara, a kuma biya shi ko da kuɗin mota ne, don a kafa al'adar cewa rubutu aiki ne. Na biyu, ɗaliban sashen Hausa da na Turanci su haɗa kai su nemi izinin marubuta irin Abubakar Adam Ibrahim da masu buga littattafansu, su fassara labari ɗaya-ɗaya a matsayin aikin kammala karatu, maimakon maimaita nazarin da aka yi sau ɗari. Na uku, 'yan'uwanmu da suka kama aiki a ma'aikatar ilimi da gidajen rediyo da sakatariyar ƙananan hukumomi su tuna cewa fili na minti goma sha biyar a mako, ko gasa tsakanin makarantun sakandaren Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ba ya cin kuɗin da liyafar ban kwana guda take ci. Na huɗu, kowannenmu ya sayi littafi da kuɗinsa, ya daina jiran aro da kwafin sata a waya.

Abubakar Adam Ibrahim ya yi nasa, ya nuna cewa rayuwar talakan Arewa ta isa a kai ta gaban kowane mai karatu a duniya. Saura mu gina matakalar da ƙanensa zai taka ba tare da ya ajiye harshensa a ƙofa ba. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya sa mu fara.