Wai Sata Muka Yi: Amsa Ga Masu Raina Waƙa A Kan Kiɗan Gem

Mu uku ne muka yi waƙar. Wata biyu muka shafe a kanta a wani ɗan situdiyo da bai fi shagon mai shayi girma ba, rabin lokacin ma jiran wuta ne. Kiɗan ba namu ba ne, kuma ba mu taɓa cewa namu ne ba. Kiɗan Guile ne, sojan nan mai tsayayyen gashi na wasan Street Fighter II, wanda duk yaron da ya taɓa ƙarar da kuɗin tararsa a gidan gem ya haddace shi ba tare da ya yi niyya ba. Muka rage masa gudu, muka sa kalangu a ƙarƙashinsa, muka ɗora amshi da baiti huɗu a kan abokinmu na huɗu. Shi ne kullum yake ɗaukar Guile idan mun je buga gem. Daga baya ya shiga soja da gaske, bai dawo ba.

A wani zaman marubuta muka kunna ta. Da ta ƙare sai wani dattijo, sha'irin da muke girmamawa har gobe, ya gyara zama ya ce, "Yara, murya ta yi. Amma wannan ai sata ce, satar ma ta kayan wasan yara. Zanen aro ba ya rufe katara." Muka ce, "Allah ya gafarta Malam," muka ja bakinmu. Ba a mayar wa babba magana a cikin taro. Amma takarda ba taro ba ce, kuma tun ranar mun ji maganar nan daga bakuna da yawa, har da na sa'o'inmu. Don haka ga amsarmu.

Zargi biyu ne a cikin maganar Malam. Na wasan yara shi ya fi sauƙi, bari mu sallame shi da wuri. Kiɗan Guile wata mata ce 'yar Japan ta tsara shi, Yoko Shimomura, don wasan da kamfanin Capcom ya fitar a 1991. Kiɗan Mario da kowa ke iya fito da shi, Koji Kondo ne ya yi shi a 1985, yana ɗan shekara 24, a kan na'urar da ba ta iya fitar da sauti fiye da biyar a lokaci guda, ɗaya daga cikinsu ma shuu ce kawai irin ta rediyon da ta ɓace tasha. Da wannan ƙuncin ya yi karin da ya shekara arba'in bai tsufa ba. A 2023 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya shi a kundin sautukan da ƙasar take adanawa don tarihi, karo na farko ke nan da kiɗan wasan bidiyo ya shiga wurin. Mai kuntigi ma tsirkiya ɗaya gare shi, ba mu taɓa jin an ce Ɗan Maraya wasan yara yake yi ba.

Sai maganar sata, wadda ita ce ta hana mu barci.

Abin mamaki shi ne a ji ta daga bakin mai rubutacciyar waƙa. Aron kari ai gadon gidanmu ne. Aliyu Namangi na Zariya a kan karin kiɗan caji ya ɗora Imfiraji, kiɗan shagali na gari, ya cika shi da wa'azi da bege, kuma yau ita ake karantarwa a jami'a. Masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka zuba masa begen Manzon Allah (SAW), matasa suka haddace. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, gaskiya ne, amma gardamar a kan dacewa take, ko ya halatta a ɗora abu mai tsarki a kan karin soyayya. Ba mu ji an kai Namangi gaban alƙali don ya saci caji ba. To me ya sa sai da karin ya fito daga akwatin gem ya zama sata? Ko don Malam bai taɓa riƙe abin bugawa ba ne?

Kuma wasannin su kansu da aro suka tashi. Ku ɗauki kiɗan Tetris. Tsohuwar waƙar Rasha ce mai suna Korobeiniki, wato 'yan koli, wadda aka samo daga waƙar da Nikolai Nekrasov ya wallafa a 1861, a kan wani ɗan koli da budurwarsa suna ciniki da bai tsaya a kan kaya ba. Tana da kalmominta cif. Aka tuɓe mata su, Hirokazu Tanaka ya sake tsara ta don Game Boy a 1989, duniya ta san ta a matsayin kiɗan tubala masu faɗowa. A 1992 aka mayar da ita kiɗan rawa a Ingila har ta shiga sahun goma na farko, kuma Andrew Lloyd Webber, babban mai tsara kiɗan dandamali, yana cikin waɗanda suka yi aikin, da sunan aro. Idan yau wani yaro ya ɗora mata baiti, abin da aka ƙwace mata ya mayar mata. A wannan doguwar sarƙa, a wace gaɓa ce Malam zai nuna ya ce ga ɓarawon?

Wanda bai taɓa gwadawa ba yana zaton aikin ɗauka ne a manna. Kiɗan gem ba don maƙogwaro aka yi shi ba. Na'ura ba ta numfashi, saboda haka karin ba ya barin gurbin jan iska. Yana tsalle daga can ƙasa zuwa can sama a ƙiftawar ido, kuma gajere ne, minti ɗaya ko biyu sai ya koma farko, don an yi shi ne ya yi ta juyawa har ɗan wasa ya ci ko a cinye shi. Kafin ya zama waƙa dole a rage gudu, a sauko da shi daidai muryar mai rerawa, a zaɓi inda zai zama amshi, a ƙirƙiro wani sashe sabo da zai haɗa tsakani, wanda ba ya cikin asali amma ba zai yi baƙo a kunne ba. Sannan ga Hausa da nata sharuɗɗan. Gaɓa mai nauyi ba ta zama a kan sauti gajere. Ka ja wasali inda bai kamata ba, gashin nama ya koma gashin kai. Ka bar kari ya faɗi a ƙarshen kalma, kukan da kake nufi ya koma bishiyar kuka. Kunnen Bahaushe yakan yafe hawa da saukar murya a cikin waƙa, amma tsawon gaɓa ba ya yafewa. Mun jefar da layi sama da ashirin masu ma'ana mai kyau saboda wannan kaɗai. Akwai kalma guda da muka so ta fito a amshi, sunan unguwarmu, muka yi mako biyu muna juya ta, ta ƙi zama. Ɓarawo ba ya shan irin wannan wahala.

Mu kai ku inda abin ya fi bunƙasa, don a ga abin da yake haifarwa idan an bar shi ya yi numfashi. A Japan akwai jerin wasanni masu suna Touhou, waɗanda mutum ɗaya, da aka fi sani da ZUN, yake tsarawa, ya zana, ya yi musu kiɗa. Tun farko ya buɗe ƙofa: masoya su yi abin da suke so da kiɗansa da taurarinsa, har su sayar a kasuwannin masoya, muddin sun bi 'yan ƙa'idojin da ya shimfiɗa. A wasansa na huɗu, na 1998, akwai wani ɗan kiɗa marar kalmomi mai suna Bad Apple!!, a mataki na uku. A 2007 Masayoshi Minoshima ya sake gina shi, aka rubuta masa baitoci, mawaƙiya nomico ta rera. A 2009 wani masoyi ya yi masa bidiyon inuwa, baƙi da fari kawai. Yau miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba sun san waƙar, an rera ta a harsuna da dama, kuma ta cikinta da yawa suka gano ZUN. Me ya rasa? Ƙasaita ya ƙara.

Ba shi kaɗai ba. Wani kiɗa na Mega Man 2, na 1988, masoya a intanet suka ɗora masa baitoci a 2007 a kan kewar ƙuruciya, ya zama waƙar tsara guda a Japan. Dandalin OverClocked ReMix, wanda aka kafa a 1999 don masu irin wannan sana'a, Capcom da kansa ya ba shi aikin kiɗan wani sabon fitin Street Fighter II a 2008. Tee Lopes da ya yi kiɗan Sonic Mania na 2017, daga sake tsara kiɗan Sonic a YouTube ya fara. Hatta kiɗan Mario, ba a daɗe da fitowar wasan ba masu sauraron wani shirin rediyo a Japan suka aiko da baitoci, aka rera, aka buga a faifai.

Akwai kuma wata gaskiya da masu kare "haƙƙin mai kiɗa" ba sa son a tuna. A shekarun 1980 da farkon 1990 kamfanonin Japan da yawa ba sa rubuta ainihin sunan mai kiɗa a ƙarshen wasa, laƙabi ake sa masa. Shimomura ma haka ta fito a Street Fighter II. Masoya ne suka bi diddigi, suka tono sunayen, suka rubuta su a ƙarƙashin kowace waƙa da suka sabunta. Mu da muka yi shekaru muna jin kiɗan Guile a gidan gem, sai da muka zauna yin wannan waƙa muka san mace ce ta yi shi. Kamfani bai gaya mana ba. Sana'ar da ake kira sata ce ta gaya mana.

Ba za mu yi ƙarya mu ce doka tana bayanmu ba. Kiɗan yana da mai shi, yawanci kamfani. Kuma dokar ta zo a birkice: a Amurka, inda manyan dandalin saurare suke, idan an taɓa fitar da kiɗa a faifai, kana iya biyan kuɗin lasisi ka sake kaɗa shi ba tare da neman yardar kowa ba, da sharaɗin kada ka sauya ainihin karinsa ko ɗabi'arsa. Amma da zarar ka ɗora masa baiti naka, ya zama sabon aiki a kan na wani, sai mai shi ya amince. Wato mai kwaikwayo yana da hanya a buɗe, wanda ya kawo wani abu daga zuciyarsa shi ne zai tsaya a bakin ƙofa. Wane kamfani ne a Kyoto ko Osaka zai amsa wasiƙar samari uku masu waƙa da Hausa? A farkon 2022 Nintendo ya sa an toshe dubban kiɗe-kiɗensa a wata fitacciyar tashar YouTube har mai ita ya rufe ta. Mun yarda, waɗannan ainihin kiɗan ne aka kwafo ba sabuntawa ba, kuma kamfani yana da iko. Amma sai a Oktoban 2024 ya fitar da manhajarsa ta sauraron kiɗa. Shekara da shekaru mutane suna miƙo hannu da kuɗi, an ƙi sayar musu, an kuma hana su aro. Halal ne a doka, amma rowa ce.

Laifi tudu ne, bari mu taka namu. A cikinmu akwai ɓarayi na gaske, kuma mun san su. Wanda zai ɗauko kiɗan Kondo ya rubuta "kiɗa daga DJ wane" a ƙasa. Wanda zai sayar wa ɗan siyasa jingle da karin da bai san ma daga ina ya fito ba. Da malalacin da zai kwaso baitocin soyayyar nan guda da muka gaji da su, zuciya, hanta, numfashi, ya zuba a kan kiɗan fagen yaƙi don kawai ya ga yana tashe a TikTok. Idan waɗannan Malam yake nufi, muna tare da shi, mu ma za mu riƙe masa sanda. Aro yana da ladabi: ka ambaci mai abu, kada ka ci kuɗi da shi a ɓoye, kuma ka saurari abin da kiɗan yake cewa kafin ka sa masa magana a baki. Kiɗan Guile yana da jarumta a sama da wani baƙin ciki a ƙarƙashi, mu ba mu ƙirƙiro shi ba, a ciki muka same shi. Shi ya sa ya ɗauki labarin abokinmu.

Waƙarmu ba ta sayarwa ba ce. A ƙarƙashinta mun rubuta sunan Yoko Shimomura, da sunan wasan, da shekarar 1991, kafin namu. Idan gobe mai haƙƙi ya ce a sauke, za mu sauke, muna gunaguni. Amma ta riga ta shiga wayar mahaifiyar abokinmu. Ba ta san Guile ba, ba ta san Capcom ba. Da ƙanwarsa ta kunna mata, kafin murya ta shigo ta ce wannan ai kiɗan nan ne da yake yawan yi da fito idan yana wanki a tsakar gida.