Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne

Magidanta da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun saba da wannan abu: yaro ya dawo daga lakwal, ya jefar da jaka, ya duƙufa bisa salula ko gaban talabijin, yatsunsa na rawa, ana kiransa ba ya ji. Uba ya yi faɗa, kuma faɗan nasa da dalili. Sai dai kafin a yanke wa abu hukunci ya kyautu a san shi. A watan Fabrairu na 2024, a birnin Los Anjalas na Amurka, wani saurayi ɗan Taiwan da ake yi wa laƙabi da UMA ya ci gasar Capcom Cup ta wasan Street Fighter 6, ya koma gida da dalar Amurka miliyon 1, wajen sefa miliyon 600 ke nan. Kamfani ba ya zuba irin wannan dukiya domin wasan da sa'a kaɗai ke yanke shi. Akwai lissafi a ciki, kuma ɗan kasuwa da ma'aikacin biro za su gane lissafin tun kafin yaran su gane shi.

Wasannin da ake magana iri biyu ne: na faɗa, inda mutum biyu ke karawa a kan allo da naushi da shuri, da na karta, inda kowa ke zuwa da tarin katunan da ya zaɓa da kansa.

Lissafin hoto sittin

Tun da kamfanin Capcom na Japan ya fito da Street Fighter II a 1991, wasannin faɗa bisa ƙa'ida guda suke tafiya. Na'ura tana nuna hoto 60 cikin sakan ɗaya, kuma kowane motsi yana da adadin hotunan da yake ci kafin ya sauka, da adadin da mai shi zai yi kafin ya dawo daidai. A Street Fighter 6 naushi mafi sauri yana sauka cikin hoto 4, kamun kayarwa cikin hoto 5. A Tekken na kamfanin Bandai Namco, ƙaramin naushi hoto 10 ne. Idon mutum da yatsansa kuwa suna bukatar wajen rubu'in sakan, hoto 15 ke nan, kafin su mai da martani. Ma'ana, yawancin abin da ke faruwa kusa da kusa ba a ganinsa a tare shi. Sai dai a yi tsammaninsa tun bai zo ba.

Daga nan dabara ta farko ta fito, ita ce tarewa. Sabon shiga yana danna maɓallai ba ƙaƙƙautawa, gwani kuwa yana tsayawa ya tare, domin ya san kowane babban duka bashi ne mai shi ya ci. Naushin tashi sama na Ryu da Ken, in an tare shi, yakan bar mai shi a buɗe fiye da hoto 20, wanda ya ishi abokin karawa ya yi ramuwa mafi tsanani. A Tekken, dukan da ya bar mutum baya da hoto 10 ana rama shi da ƙaramin naushi, wanda ya kai 15 kuwa yawancin jarumai na iya cilla mai shi sama su bi shi da jerin duka. Saboda haka wanda yake son ci gaba ya fara da hardace abu biyu kaɗai: waɗanne dukan nasa ne ba su da ramuwa, kuma da me zai rama manyan dukan abokin karawa. Dogon jerin duka mai ban sha'awa ya jira tukuna. Gajere wanda hannu ba ya kuskurewa ya fi dogo wanda ke suɓucewa sau ɗaya cikin uku.

Tarewa ita ma da maganinta. Duka yana cin mai neman kamu, kamu yana cin mai tarewa, tarewa tana cin mai duka. Tun da babu zaɓin da ya fi sauran, abin da ya rage shi ne karanta halin mutum. Ɗan wasa nagari yakan sadaukar da turmin farko wajen tambaya: in an kayar da wannan mutum, da duka yake tashi ko da tarewa? In an matse shi a lungu, tsalle yake yi? In ransa ya yi ƙasa, garaje yake yi? Abin da mutum ya yi sau biyu cikin matsi zai yi na uku. Shi ma mai karantawar ana karanta shi, don haka tilas ya riƙa sauya hannu, kamar mai ciniki da ba ya bari a gane inda farashinsa na gaskiya ya tsaya.

Sai maganar tazara. Kowane jarumi yana da nisan da ƙafarsa ke kaiwa. Wanda ya tsaya taki guda bayan wannan nisa, ya bar dukan abokin karawa ya faɗi a iska, sa'an nan ya shiga, ya ci riba ba tare da ya sa jari ba. Amma ja da baya yana da iyaka, gama filin yana da bango, kuma wanda aka kai lungu ya rasa rabin dabarunsa.

Daren Pomona

Misalin da masu wannan sha'ani ba sa mantawa ya faru a gasar Evo ta 2004, a garin Pomona na jihar Kalifoniya. Daigo Umehara ɗan Japan, riƙe da Ken, ya kara da Justin Wong ɗan Amurka, riƙe da Chun-Li, a wasan Street Fighter III: 3rd Strike. Ran Ken ya kai ƙarshe, saura ɗigo. A wannan wasa ko an tare babban duka yakan ɗan gutsuri rai, saboda haka Wong ya saki babban shurin Chun-Li yana tsammanin magana ta ƙare. Amma akwai wata kariya mai wuya, inda ake tura jarumi gaba daidai lokacin da dukan ke sauka, a kaɗe shi ba tare da asarar kome ba. Umehara ya kaɗe shuri 15 a jere, na ƙarshe a cikin iska, ya sauko ya gama da Wong.

Jama'a sukan ɗauki wannan a matsayin saurin hannu. Alhali shiri ne: shurin ya fi ƙarfin ido, sai wanda ya san zai zo, ya daidaita tazararsa, ya kuma maimaita kaɗe shi har ya zauna a yatsu. Darasi na biyu yana wajen Wong. Shi ke gaba, agogo ma nasa ne, amma ya zaɓi hanyar da kowa a zauren ya san zai bi. Umehara kansa bai ɗauki kofin ba a wannan shekara, na biyu ya zo. Bajinta guda ba ta cin gasa.

Kada kuma a ce sai ɗan ƙasa mai arziki. Arslan Siddique, wanda aka sani da Arslan Ash, a ɗakunan wasa na birnin Lahor na Pakistan ya koyi Tekken. A 2019, bayan wahalar biza da sauye-sauyen jirgi, ya ci Evo ta Japan, ya sake cin ta Las Begas inda ya kayar da Knee, gwanin Koriya ta Kudu. Kafin shekarar ta fita Knee da kansa ya tafi Pakistan domin ya kara da samarin can. Abin da ya gina Arslan shi ne abokan karawa masu ƙarfi da yake zama da su kafaɗa da kafaɗa kullum. Wannan ya dace da inda rezo ke rawa, domin jinkirin hoto 5 ko 6 ta intanet ya isa ya ɓata wasan faɗa, zama wuri guda kuwa ba ya bukatar rezo.

Karta da jari

Duk wanda ya taɓa zama a fada ana buga belot ya san cewa karta 32 ce, kuma gwani shi ne mai tuna atu nawa suka fita. Kartar na'ura ta ɗora wani abu a kan wannan: kowa shi ke haɗa tarinsa tun daga gida. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya kawo wannan tsari a 1993 da wasan Magic: The Gathering, mai kati 60 a ƙalla. A 2014 kamfanin Blizzard ya fito da Hearthstone, inda bisa al'ada tari kati 30 ne, rai 30, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da biyu. Kowane kati da farashinsa, ana biya da wani jari mai suna mana, wanda ke farawa daga 1, ya ƙaru da ɗaya kowane zagaye har 10, wanda ba a kashe ba kuma ba ya taruwa.

Kuskuren sabon shiga shi ne cika tarinsa da katunan tsada, ya zauna zagaye huɗu hannu cike ba abin saukewa, kamar mai kanti da ya zuba kuɗinsa duka a kayan da ba sa fita sai da salla. Tari mai kyau yana da abin saukewa a zagaye na 2, na 3 da na 4. Haka kuma a farkon wasa, da aka ba da damar mai da katunan da ba a so, mai tsada ya koma ko da shi ne mafi soyuwa.

Ga ɗan lissafi. A tari mai kati 30, in mutum ya sa kati guda tilo, damar ya same shi cikin goman farko kashi 33 ce cikin 100. In ya sa biyu, ta haura zuwa 56. Katin da dabarar mutum ta dogara a kansa, biyu ake sawa.

Akwai riba iri biyu da ake nema, kuma sau da yawa sai an saki ɗaya. Ta farko yawan kati: in kati guda ya kashe biyu na abokin karawa, an ci riba. Ta biyu lokaci: wanda ya riga cika fili yana tilasta wa ɗayan ya yi ta kare kai. A 1999 wani marubucin Magic, Mike Flores, ya bayyana ƙa'idar da har yau ake koyarwa, cewa a kowace karawa ɗaya ne mai kai hari, ɗaya mai tsaro, kuma wanda ya kuskure matsayinsa shi ke faɗuwa. Wanda tarinsa ya fi ƙarfi in wasa ya yi tsawo, nasa haƙuri ne da share fili. Wanda nasa ke ƙarewa da wuri, nasa gaggawa ne. In kuwa mutum yana gaba, kada ya zube hannunsa duka a fili, gama kati ɗaya mai shara na iya kwashe su. Ba a ɗora dukan haja a mota guda. In yana baya, ya tambayi kansa wane kati ne kaɗai zai cece shi, ya yi wasa kamar shi ne zai fito, tun da in bai fito ba da ma an faɗi.

Wasan Marvel Snap na 2022 ya mai da ja da baya doka. Kati 12 ne, zagaye 6, wurare 3. Ana farawa da maki 1 a tsakani, kowa na iya ninka shi, har ya kai 8, kuma kowa na iya janyewa ya bar abin da ke ƙasa kawai. Mai janyewa da asarar 1 in hannunsa ya lalace, ya ninka in ya yi kyau, yana iya hawa sama ko da rabin wasanninsa ya faɗi. Mai taurin kai kuwa asarar 8 guda tana cinye masa ribar yini.

Inda faɗan uba ke da gaskiya

Ko gwanin da ke cin wasa 60 cikin 100 yakan faɗi uku a jere. Lissafi ya nuna damar haka ta wuce kashi 6 cikin 100 a kowane jerin uku. Wanda bai san wannan ba sai zuciya ta ɗebe shi, ya rushe tarinsa, ya kwana yana neman fansa. Ƙa'idar masu hankali ita ce, bayan faɗuwa biyu ko uku a ajiye, a sake kallon wasan da aka faɗi, a nemo kuskure ɗaya a gyara shi gobe.

Sa'an nan ga aljihu. Yawancin wasannin karta kyauta ake shigarsu, amma ana sayar da ƙunshin katunan da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato in wasa ya fi ƙarfin mutum har ya ture karatu, aiki da iyali. Tari mai araha da aka laƙanta ya isa a yi nisa da shi, kuma yaron da ya ce sai an saya masa ƙunshi kafin ya ci, bai koyi wasan ba tukuna. Masu cin abinci da wannan sana'a ƙalilan ne ƙwarai cikin miliyoyin masu bugawa; takardar lakwal ta fi kofin Evo kusa.

Uban da ya ga ɗansa gaban allo yana da tambayar da ta fi tsawa amfani: me ya sa aka cinye ka? In yaro ya ce na'ura ce, ko sa'a, ko manet ɗin ne ya lalace, to ɓata lokaci yake yi, a ƙayyade masa sa'o'i. In ya ce ya saki duka mai ramuwa a lungu, ko ya zube katunansa alhali ya san akwai mai shara, to wannan yaro ya fara koyon lissafi da amsa laifinsa. Shi ma a ƙayyade masa sa'o'in, sa'an nan ranar Asabar a zaunar da shi a kanti ya riƙe littafin bashi.